Ɗan Isa: allo da safe, lakwal da hantsi

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, kafin ya kai Ɗan Isa sai ya ratsa ta Danja, inda mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin kutare a shekarar 1956. Musulmi ne mafi yawan masu zuwa neman magani can, kuma ba a tambayar addinin mutum a bakin ƙofa. Dattawan Madarunfa sun san wannan. Yaransu ne ba kowa ke gaya musu ba.

Yaron Ɗan Isa yakan ɗauki allo da asuba, hantsi ya yi ya nufi lakwal. Malamai biyu ke riƙe da shi, amma da wuya su zauna tabarma ɗaya. Lakwal ɗin gwamnati ba ta koyar da addini, sai makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda aka soma a garin Say a 1957. Saboda haka abin da yaro zai ji game da maƙwabcinsa Kirista, daga zaure yake fitowa, ko daga wa'azin da ke yawo cikin wayar salula.

Abin ba na wasa ba ne. A watan Yuni na 2019 an kama wani limami a Maraɗi kan sukar dokar tsara ayyukan ibada, matasa suka ƙone wata majami'a a unguwar Zariya. Shi da kansa ya roƙi jama'a su kwantar da hankali, amma wuta ta riga ta ci.

Ya kamata darektocin lakwal su gayyaci malaman allo zuwa taron iyayen yara tun farkon shekara, masu gari kuma su kira limami da fasto tun ba a yi faɗa ba. Ɗan Isa kan iyaka take: jita-jitar da ta kwana Katsina tana iya wayar gari a tasharta.