Dasashi da Likitansa

Yawancinmu ba ma taka asibitin haƙori sai ciwo ya hana mu barci. Shi kuwa ciwon dasashi, a hankali yake shigowa, ba zafi ba raɗaɗi. Mutum ya yi asuwaki ya tofar, ya ga jini a yawu, sai ya ce iccen ne ya yi tauri. Laifin ba na asuwaki ba ne; lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi.

Asalin abin shi ne dattin nan mai danƙo da ke taruwa a gindin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Idan ya kwana biyu ba a kawar da shi ba, sai ya daskare kamar dutse, burushi ya gaza, asuwaki ma ya gaza. Dasashi ya kumbura, ya fara janyewa daga jikin haƙori, ya bar rami. Cikin ramin nan ƙwayoyin ke cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori. Kumburi yana warkewa sarai, amma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan ɗaya ne ke da ciwon a mataki mai tsanani.

A manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita yakan fara da wani siririn ƙarfe mai alamar awo, ya zura shi tsakanin haƙori da dasashi. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce. Daga 4 zuwa sama akwai magana. Sai hoton ƙashi, sannan wankin haƙori da na'ura, wani lokaci har can jikin saiwa bayan an yi allurar kashe zafi.

Wankin nan ne mutane ke gudu, wai yana sa haƙori girgiɗi da giɓi. Giɓin dama yana nan, dutsen ne ya toshe shi, kamar yaɓen da ya rufe tsagar katanga. Likita bai yi ɓarnar ba, tona ta ya yi.

Mai ciwon sukari yakan sha wahalar ciwon dasashi sosai, ciwon kuma yakan hana sukarin daidaita. Mai shan sigari yana cikin ruɗu, domin taba tana ɓoye jinin yayin da ƙashi ke zaizayewa. Mai juna biyu ma dasashinta yakan kumbura.

Iyaye su lura: cutar noma, wadda aka gina mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, daga dasashi take farawa. Yaro mai tamowa da bakinsa ke wari yana jini, a kai shi asibiti a ranar.