Gaskiya ko Jita-jita: Taɓin Hankali Ba a Bola Yake Farawa Ba

Idan aka ce mai taɓin hankali, hoton da ke faɗo wa yawancinmu shi ne na mutum cikin tsumma, gashi a cukurkuɗe, yana tsince-tsince a bola, yara na bin sa da jifa. Amma ciwon wannan bawan Allah a cikin gida ya soma, a gaban uwa da uba, wata da watanni kafin kowa ya gane. Abin da ya ci lokacin, sau da yawa, maganganu ne da muka gada ba mu taɓa auna su ba. Bari mu ɗora kaɗan daga cikinsu a ma'auni.

"Ciwon ƙwaƙwalwa shi ne hauka." Jita-jita ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas, kimanin miliyan 970, na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Mafi yawansu ciwon fargaba ne, wajen miliyan 301, da ciwon damuwa mai tsanani, wajen miliyan 280. Waɗannan mutane suna zuwa kasuwa, suna bin sahun salla, suna aurar da 'ya'ya. Akwai ciwon da ke jefa mutum tsakanin zumuɗi da ƙunci: mako guda ba barci, yana ta surutu da rabon kuɗi, daga baya ya kasa ko tashi daga shimfiɗa. Akwai ciwon firgici da ke bin wanda ya ga tashin hankali, irin wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa amma ƙarar babur kaɗai ke sa jikinsa ɓari. Shi kuwa ciwon da ke sa a ji muryoyin da babu su, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, yana kama kusan mutum ɗaya ne cikin 300.

"Shafar aljanu ce, ko jifa aka yi masa." Babu mai hana iyali addu'a da ruƙiyya, kuma likitan kirki ba zai ce a daina ba. Illar tana wajen tsayawa a nan kaɗai. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, taifot mai tsanani, buguwar kai a haɗarin mota, da matsalar maƙoƙo, duk suna iya sa mutum sambatu da gane-gane. Yaron da ke zazzaɓi yana surutai ba bisa hankali ba, asibiti yake bukata a daren nan, domin jinkirin kwana biyu na iya cin ransa. Sauran lalurorin kuma daga haɗuwar abubuwa suke tasowa: yanayin halittar ƙwaƙwalwa, cin zarafi a ƙuruciya, rashin masoyi, talauci, zaman aure mai ƙunci. Mai tsoron Allah ma yana kamuwa, kamar yadda yake kamuwa da hawan jini.

"Gado ne, kada a auri 'yar gidan." Akwai gaskiya kaɗan, ƙarin gishirin ya fi yawa. Idan ɗaya daga cikin iyaye na da sikizofireniya, yiwuwar ɗansu ya kamu ta kai kusan ɗaya cikin goma. Wato tara cikin goma ba za su kamu ba. Tsoron wannan tambari ne ke sa dangi su kulle mara lafiya a ƙuryar ɗaki don kada ƙannensa su rasa masu aure, alhali barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

"Shaye-shaye na taɓa ƙwaƙwalwa." Wannan gaskiya ce. Tabar wiwi na ƙara haɗarin gushewar hankali, musamman ga wanda ya fara ta da ƙuruciya. Haka tiramol da sholisho suna lalata tunani da hali. Ɓarnar kodin ce ta sa gwamnatin Najeriya ta haramta yin maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a 2018. Sai dai ba kowane mara lafiya ne ɗan ƙwaya ba. Wani ma ciwon ne ya riga, ya koma shaye-shaye don ya samu ya runtsa.

"Dare ɗaya yake zuwa." Da wuya. Kusan rabin lalurorin ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin shekara 14 ko daidai nan. Ɗauki saurayin da a da shi ne kan gaba a majalisa. Sai ya daina fita. Tuwon da aka kai masa da daddare, da safe a tarar da shi a rufe yadda aka ajiye. Ya bar wanka, fitilar ɗakinsa a kunne har asuba, sakamakon jarrabawarsa ya faɗi. Wata rana ya ce wa mahaifiyarsa maƙwabta da shi suke idan suna dariya. A gida sai a ce miskilanci ne, ko girman kai ya fara. Nan ne lokacin ganin likita. Haka duk wanda ya yi mako biyu cikin ƙunci, abin da yake so a da ya fita ransa, ba barci ba cin abinci. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ɗauka wasa ne. A zauna a tambaye shi kai tsaye cikin lalama. Tambayar ba ta cusa masa tunanin, sauƙi ma take kawo masa.

"Kukan mai jego shagwaɓa ce." Jita-jita ce mai cutarwa. 'Yar damuwa ta kwanakin farko takan wuce da kanta. Amma fiye da mace ɗaya cikin goma na shiga ciwon damuwa bayan haihuwa. Za ka gan ta zaune a bakin gado, kunun kanwa ya huce a gabanta, jariri na kuka tana kallon bango. Ɗaya ko biyu cikin dubu kuma hankalinsu kan gushe a makonnin farko: rashin barci gaba ɗaya, ruɗewa, tsoron jaririn ko cewa ba nata ba ne. Wannan na gaggawa ne, kuma yana jin magani sosai. Kakar da ke yi mata wankan jego ita ce ta fi kowa damar ganewa da wuri.

"Ba ya warkewa, sai dai mari." Ƙarya ce, kuma ta jawo zalunci. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa ba ta taɓa gyara ƙwaƙwalwa ba. Tun a shekarun 1950 Farfesa Thomas Lambo ya nuna a Aro, Abeokuta, cewa marasa lafiya na samun sauƙi idan ana yi musu magani suna zaune cikin jama'a tare da danginsu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin mara lafiya. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, don haka a yi haƙuri da shi, kuma kada a yanke shi don an ga sauƙi sai da shawarar likita.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan a gidanku akwai wanda ya yi shiru ba kamar yadda kuka san shi ba, kada a jira sai ya cire riga a titi. Ku ƙwanƙwasa ƙofarsa yau, ku zauna kusa da shi, ku ji abin da ke damun sa, gobe kuma wani ya raka shi asibiti.