Yadda 'yan sa kai suka farfaɗo da lambunan birnin New York

Duk wanda ya shiga Central Park, babban wurin shaƙatawa da ke tsakiyar birnin New York na Amurka, zai iya cin karo da mutane a durƙushe suna cire ciyawa, wasu suna share ganye ko zuba taki a gindin itatuwa. Da dama daga cikinsu ba a biyansu ko sisin kwabo.

'Yan sa kai ne. Akwai dattawan da suka yi ritaya, da ɗalibai, da ma'aikatan kamfanoni da kan keɓe yini guda don wannan aiki. Abin ya yi kama da aikin gayya, sai dai a nan gonar ta gari ce baki ɗaya.

Wurin yana da faɗin eka 843, da itatuwa kimanin 18,000, kuma yana karɓar baƙi fiye da miliyan 40 a shekara. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ne suka tsara shi a 1858.

Lokacin da baitulmali ya bushe

A 1975 birnin New York ya kusa tsiyacewa saboda bashi. Hukumomi sun sallami dubban ma'aikata, kuma lambunan gwamnati na cikin wuraren da abin ya fi shafa.

Filayen da a da suke kore shar suka koma ƙura, kujeru suka kakkarye, aka ɓata gine-gine da rubuce-rubucen fenti. Jama'a suka shiga fargabar ratsa wurin idan rana ta faɗi.

A 1980 ne wasu mazauna birnin, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Barlow Rogers, suka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta, Central Park Conservancy, domin tara kuɗi da kuma hannayen da za su yi aiki. A 1998 hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ita, ta danƙa mata gudanar da wurin na yau da kullum, ko da yake filin yana nan a matsayin mallakar gwamnati. Ƙungiyar ce ke samar da mafi yawan kuɗin da ake kashewa.

Amma kuɗi kaɗai ba sa nome. A 1996 an raba lambun zuwa shiyyoyi 49, aka ba kowace shiyya ƙwararren mai lambu da ke aiki tare da 'yan sa kai.

Hikimar a fili take. Abin da aka ce na kowa ne, sau da yawa ba shi da mai lura da shi. Amma mutumin da ke komawa gefe guda kowane mako ya san wace bishiya ce ta fara rashin lafiya, da inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama. Idan wani abu ya lalace kuma, an san wanda za a tambaya. Hatta masu yawo sukan ji nauyin yar da shara a gaban tsohuwar da ke sunkuye tana aiki.

Aiki mai haɗari, kamar hawa bishiya da injin yankan katako, na ma'aikata ne. 'Yan sa kai sukan ɗauki wanda ke cin lokaci: cire ciyawa, dashe, sassabe ƙananan rassa, da tumɓuke tsirrai baƙi masu danne na asali.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001, wani ɗan kasuwa daga ƙasar Holan, Hans van Waardenburg, ya aika wa birnin kyautar irin furen dafodil rabin miliyan. Irin yana kama da ƙaramar albasa, ana binne shi kafin hunturu, ya fito da fure mai ruwan ɗorawa idan sanyi ya wuce. Dubban mutane ne suka fito suka dasa, kuma tun daga nan ake maimaita hakan kowace shekara.

Unguwar da ba ta da attajirai

To sai dai tsarin yana da masu sukarsa, kuma ba za a ce ba su da hujja ba.

Central Park yana maƙwabtaka da wasu daga cikin gidaje mafi tsada a duniya. A 2012 attajiri guda, John Paulson, ya ba ƙungiyar dala miliyan 100. Ƙaramin lambu a unguwannin talakawa na Bronx ko Brooklyn ba shi da irin wannan maƙwabci, kuma mai aiki biyu a rana don biyan kuɗin haya da wuya ya sami safiyar da zai bayar kyauta.

Akwai kuma fargabar cewa idan jama'a suka saba yi da kansu, gwamnati za ta samu damar janye hannu. Shekaru da dama ke nan abin da ake ware wa lambuna bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin kuɗin birnin ba.

A 2013 wani ɗan majalisar dattawan jihar, Daniel Squadron, ya nemi a tilasta wa manyan ƙungiyoyi irin wannan su miƙa kashi 20 cikin ɗari na kuɗinsu ga lambunan da aka yi watsi da su. Ƙudurin bai zama doka ba, domin an yi gargaɗin cewa masu ba da gudummawa za su ja da baya.

Shekara guda bayan haka, magajin garin na lokacin, Bill de Blasio, ya ware dala miliyan 130 daga aljihun gwamnati don gyara ƙananan lambuna 35 a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi.