MAƘERAN JAN ƘARFE NA ƘASAR AGADAS TUN KAFIN ZAMANIN SARAKUNA

Daga Wakilinmu

Matafiyin da ya ratsa filin Afunfun, kudu da birnin Agadas a Jamhuriyar Nijar, ba zai ga kome ba sai rairayi da ƙananan duwatsu. Amma a wannan fili ne wani masanin tarihi Bafaranshe, Danilo Grébénart, ya tono kufan murahu da kashin maƙera wajen ƙarshen shekarun 1970, abin da ya tabbatar cewa mutanen wurin suna narka jan ƙarfe tun cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

Da farko an zaci waɗansu ramukan sun girmi haka da nisa, sai binciken da aka buga a 1988 ya nuna cewa da yawansu kututturan itatuwa ne da suka ƙone. To, amma murahun baya-bayan nan ba a ja da su.

Aikin kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, saboda haka tilas a sami masu tsinto dutsen, da masu toya gawayi, da masu gina murhu da yumɓu, da masu karɓa-karɓa a kan zugazugi. Abin da ake samu kaɗan ne, watau kan kibiya da basilla da mundaye. Ƙanƙantar murahun ta sa waɗansu masana suna ganin maƙeran ba mazauna ba ne, suna zuwa ne lokaci-lokaci su yi aiki su tashi, kamar yadda makiyaya ke yi. Ashe ke nan sana'a mai wuya tana iya tsayuwa a kan haɗin kan jama'a, ko babu fada.

Sa'ad da Ibn Batuta ya sauka Takadda a 1353, garin da masana ke cewa shi ne kufan Azelik, al'amari ya sake. Ya tarar bayi maza da mata ne ke narka ƙarfen, ana zuba shi sanda-sanda ana ciniki da shi, ana kuma kai shi Gobir da Barno.

Ya kamata ɗalibanmu da hukumomin adana kayan tarihi su lura cewa kufai irin waɗannan a fili suke, ba katanga. Duk murhun da aka tattake, shaidarsa ta ɓace har abada.