Filfilo Mai Zare Biyu: Yadda Ake Tsara Rigarsa da Ɗinka Ta

Gabatarwa

A Hausa, filfilo shi ne abin wasan nan na yara da ake yi da takarda, a soke shi a jikin kara, iska ta riƙa juya shi. A wannan darasi an ari kalmar ne domin a ambaci wani abin wasa na daban, wato wanda ake ɗaura wa zare a sake shi sama iska ta ɗauke shi, irin wanda yara kan haɗa da leda da tsinken tsintsiya. Turawan Ingila sunan shirwa suka laƙaba masa, saboda yadda yake shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka fara yin sa da siliki da gora fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Filfilo mai zare ɗaya yawanci yana tsayawa ne inda iska ta ajiye shi. Mai zare biyu kuwa sarrafa shi ake yi kamar doki: in an ja zaren dama ya juya dama, in an ja na hagu ya juya hagu, in an daidaita hannu ya miƙe zuwa inda kansa ya dosa. Da haka gwanaye suke sa shi ya yi da'ira, ya sulmiyo kamar zai daki ƙasa, sannan ya sake cirawa.

Taƙaitaccen Tarihi

Tun a 1899 Wilbur Wright ya yi amfani da filfilo mai zare huɗu a garin Dayton na Amurka domin ya gwada dabarar murɗa fiffike, dabarar da shi da ɗan'uwansa Orville suka sa wa jirginsu na 1903. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Paul Garber ya ƙera wa sojojin ruwan Amurka wani mai zare biyu, aka zana hoton jirgin abokan gaba a jikinsa, masu bindiga suna koyon saiti da shi. Sai a shekarun 1970 ya zama abin wasan jama'a, bayan da Peter Powell na Ingila ya fito da nasa, wanda ya ci lambar abin wasan shekara a ƙasar a 1976. Daga baya siffar alwatika mai kama da kan mashi ta yi rinjaye, kuma a kanta wannan bayani zai tsaya.

Ƙashi, Riga da Linzami

Ana iya kasa filfilon gida uku. Akwai ƙashi, wato sandunan da ke riƙe da shi: ɗaya a tsakiya a matsayin ƙashin baya, biyu a kafaɗu, sai na gicciye a sama da ƙasa. Galibi da kabon ko zaren gilashi ake yin su, kaurinsu milimita 5 zuwa 6. Akwai linzami, wato gajerun igiyoyin da ke haɗa ƙashin da dogayen zaruruwan da ke hannun mai wasa. Sai riga, wato yadin da iska ke turawa. Ƙashi da zare sayen su ake yi. Riga ita ce aikin hannun mai ƙira, kuma a wurinta ake gane gwani.

Dalili shi ne, abin da ke juya filfilo bai wuce bambancin da ke tsakanin ɓangarensa na dama da na hagu ba. Mai wasa yana haifar da wannan bambanci da gangan duk lokacin da ya ja zare ɗaya. To, idan tun a wurin ɗinki ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi ko saki, ko da da 'yan milimitoci ne, ya zama an ɗinke wa filfilon umarnin da ba wanda ya ba shi. Zai riƙa karkata gefe guda har abada, mai shi kuwa ya yi ta ɗora laifin a kan iska.

Zaɓen Yadi

Yadin da aka fi amfani da shi irin na filafilan jiragen ruwa ne na tsere, wanda aka saƙa da zaruruwa masu kauri jefi-jefi, suka fitar da 'yan murabba'ai a jikinsa. Amfaninsu shi ne, in yadin ya huje, yagewar takan tsaya a zare mai kauri na gaba. Iri biyu ne. Na nailan ya fi araha da sauƙin ɗinki, amma yana shan laima kuma yana miƙewa. Na foliyesta ya fi tsada, sai dai yana riƙe siffarsa, kuma akwai wanda nauyinsa bai wuce giram 31 a kowace murabba'in mita ba. Ga mai koyo nailan ya fi dacewa, domin da wuya rigar farko ta fita ba kuskure, kuma asarar yadi mai araha ta fi sauƙin haɗiyewa.

A nan akwai wani ilimi da kowane tela ya sani. Yadi ba ya miƙewa sosai in an ja shi ta bin zaren tsaye ko na kwance, amma in an ja shi a karkace sai ya saki. Don haka ake shimfiɗa kowane ƙyalle ta yadda zaren saƙarsa zai bi gefen da zai fi shan ja, musamman gefen baya na riga, wanda ba sanda a jikinsa. Wajibi ne kuma saƙar ƙyallen dama ta zama kamar hoton ta hagu a madubi. Mai ƙira kan so ya jujjuya ƙyallaye don ya yi tattalin yadi, amma wannan tattali yana da tsada: riga za ta fito daidai a kan tebur, sai iska ta buge ta sannan gefe ɗaya ya zazzago.

Yanka da Ɗinki

Matsakaicin filfilo yakan kai mita 2 zuwa 2 da rabi daga wannan bakin fiffike zuwa wancan. Rabinsa kawai ake zanawa a kan kwali mai kauri, a yanke, a yi amfani da wannan kwali ɗaya ga ɓangarorin biyu, ana kifa shi in an zo na biyun. Ba a son almakashi, domin bakin yadin yakan zare. Da wuƙa mai zafi ake yanka, ko ƙarfen like irin na masu gyaran rediyo, a kan gilashi, ta yadda zafin zai narke bakin ya rufe shi.

Yadin yana da santsi, kuma hudar allura ba ta ɓacewa a jikinsa, saboda haka ba a kafa shi da fil. Ana ɗora bakin wannan ƙyalle a kan na wancan da kimanin milimita 6, a manne su da siririn tef mai gam a fuska biyu, sannan a bi da keke. Ɗinki mai kai-da-komo irin haƙoran zarto ya fi miƙaƙƙe, domin yana ba da kai in yadin ya ja. In kuma an matse ɗinkin ƙwarai, hudojin sukan jeru su zama layin da riga za ta yage ta kansa.

Bayan an haɗa ƙyallaye sai a kalmashe gefen baya, a zura siririyar igiya a cikin kalmasar. Ita ce ke hana gefen karkarwa da ƙara a cikin iska. A kafaɗu ana ɗinka dogon aljihu na yadi mai kauri inda sanduna za su shiga. Hanci kuwa, da yake shi ke fara dukan ƙasa, akan lulluɓe shi da abu mai tauri irin bel ɗin kujerar mota.

Riga ba a shimfiɗe take tashi ba. Akwai 'yan gajerun sanduna masu tokare ta daga sandar gicciye ta ƙasa, su tura ta baya, su yi mata kwari biyu. Zurfin kwarin da wurin da aka kafa tokaran suna sauya halin filfilo ƙwarai, kuma su ma dole a auna su daga ƙashin baya, dama da hagu daidai wa daida.

Gwaji

Kafin a fita fili, a naɗe rigar biyu ta kan layin tsakiya, a ga ko bakunan sun hau juna. A fili kuma a fara auna zaruruwan biyu, waɗanda tsawonsu kan kai mita 25 zuwa 35, domin in ɗaya ya fi tsawo zai nuna alamar da ta yi kama da ta karkatacciyar riga. In zare da linzami sun daidaita amma filfilo bai daina karkata ba, sai a koma kan ɗinki.

Ƙarfin da iska ke turo riga da shi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudun iskar ya ninka biyu. Shi ya sa rigar da aka yi domin iska mai ƙarfi ake yanke mata tagogi a toshe su da raga, iska ta riƙa wucewa. A nemi fili mai nisa da wayoyin lantarki, domin sandar kabon tana ɗaukar wuta, haka ma jiƙaƙƙen zare. Kada a tashi filfilo in hadari ya haɗu, kada kuma a bar yara su tsaya tsakanin mai wasa da filfilonsa, domin siririn zaren nan in ya ɗaure yana yanka fata.