Inda Muryar Mawaƙi Take Karyewa

Duk mai rera waƙa ya san wani wuri a muryarsa da yake shakka. Yana hawa sama lafiya lau, sai kauri ya ɓace, wata siririyar murya ta fito kamar ba tasa ba. Malaman waƙa na Italiya suna kiran wurin passaggio, wato mashigi. Mutane da yawa sun ɗauka nan ne iyakar baiwar da aka ba su, alhali mahaɗa ce da ake koyon ƙetarewa.

Sautin duka a maƙogwaro ake yin sa, bayan zakaran wuya, inda tantani biyu ke karkarwa idan iskar huhu ta ratsa tsakaninsu. A 1854 Manuel García, malamin waƙa ɗan Sifaniya, ya sa ɗan madubin likitan haƙori a bakinsa, ya haska da rana, ya ga nasa tantanin suna aiki. Daga baya aka gane tsoka biyu ke riƙe da ragama. Ɗaya tana cikin tantanin, tana gajarta shi, tana ƙara masa kauri, ita ke ba da cikakkiyar muryar ƙasa. Ɗayar tana karkata guringuntsin maƙogwaro, tantanin ya miƙe ya sirance, sauti ya tashi, kamar yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata. Murya tana karyewa idan ta farkon ta riƙe aiki har ta gaza, ta saki lokaci guda. Horo kuwa shi ne koya mata saki kaɗan-kaɗan, 'yar'uwarta na karɓa.

Wani zai ce ai mawaƙi a ƙirji yake jin muryar ƙasa, ta sama kuma a ka. Haka ne, amma ƙashi amsawa kawai yake yi. Wani kuma ya ce mawaƙan fada ba su karanta sunan tsoka ba, suka yi fice. Wannan ma goyon bayan maganar yake: shekarun da ɗan amshi ke yi bayan ubangidansa, kunne da maimaici ne ke horar da tsokar. Makiyayan tsaunukan Suwizalan ma da gangan suke karya murya su mai da ita ado. Abin da nake ji wa matasa tsoro shi ne tura muryar ƙasa sama da ƙarfin tsiya. Tantanin na dukan juna sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, su kumbura, su yi kanta, murya ta dushe.