Zuba umurni cikin mikrokontrola tana kan allonta: batun mahaɗi

Mikrokontrola wata ƴar ƙaramar kwamfuta ce da aka dunƙule cikin ƙwaya guda mai ƙafafu. Ita ce ke cikin akwatin da ke lura da cajin batir a kayan hasken rana, ita ce kuma ke tayar da famfon rijiyar burtsatse ta tsayar da shi. A wuri irin Gamu, cikin gundumar Gure, in akwatin nan ya tsaya to ruwa ya tsaya, kuma Damagaram ba kusa ba ce. Wannan takarda za ta duba yadda ake sabunta umurnin ƙwayar ba tare da an cire ta ba.

A da, sai an zare ƙwayar, a haska ƴar tagar gilashin da ke bayanta da fitila ta musamman na kimanin minti 20, sannan a sake rubutawa. A 1993 kamfanin Microchip na Amurka ya fito da PIC16C84, wadda ake gogewa da lantarki, a kuma rubuta mata tana manne a allo. Wayoyi biyar suka isa: VDD da VSS na wuta, PGD mai ɗauke da saƙo, PGC mai ba da lokaci, sai MCLR inda ake sa volt kusan 13 domin ƙwayar ta shiga halin karɓar umurni. Ƙwayoyin AVR na kamfanin Atmel, wanda Microchip ya saya a 2016, suna amfani da allurai shida, jeri biyu na uku-uku, tazarar milimita 2,54: MOSI, MISO, SCK, RESET, VCC da GND. Wannan mahaɗi ne ake gani a allon Arduino Uno. Akwai kuma mai allurai goma.

Wahalar tana wajen mai tsara allo. Ƙafafun da ake rubutu ta kansu suna da wani aiki na yau da kullum; a PIC16F84, misali, RB6 da RB7 ne. Idan aka rataya musu kaya mai jan wuta, saƙon ba zai shiga daidai ba, sai a ɗora wa ƙwayar laifin da ba nata ba. Haka nan volt 13 na MCLR na iya komawa cikin sauran allon idan ba a tare shi ba. Waya mai tsawo ma tana ɓata saƙo. Sannan allurai shida tsirara ba sa hana a juya filogi, saboda haka dole a sa alama a allura ta ɗaya, ko a yi amfani da mahaɗi mai gida da tsaga.

Wasu masu ƙera kaya, don rage kuɗi, sukan bar ɗigon tagulla kawai, wanda ake dannawa da allurai masu sifirin. A ganinmu wannan bai dace da ƙasar Manga ba: ƙurar hunturu da danshin damina suna dusar da tagullar, kuma mai gyaran rediyo a kasuwa ba ya da irin waɗannan allurai, alhali jerin allurai na 2,54 yana iya liƙa shi da dalma. Sai dai mahaɗi kaɗai bai isa ba, domin kamfani na iya kulle ƙwayar yadda ba a karanta abin da ke ciki. Don haka masu sayen kayan famfo su nemi fayil ɗin umurnin a rubuce cikin yarjejeniyar ciniki tun kafin a biya kuɗi.